Ƙullin Irin Adda Dije

Ranar Asabar ta biyu bayan Ƙaramar Sallar bara, ina zaune a ƙofar shagona na ɗinki a Gwallaga cikin Bauchi, zafi ya hana kowa sakat, sai ga 'yata Rabi ta sauko daga keke da wayarta a hannu. Rabi malamar makaranta ce, kuma tana cikin wani zaure na waya inda masu sha'awar tsuntsaye ke tura hotunan da suka ɗauka. Ba ƙwararru ba ne, akwai direba, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai ɗalibai, kowa da 'yar wayarsa. In sun samo sunan tsuntsu a littafinsu na Turanci suka rasa na Hausa, sai Rabi ta kawo mini. Ranar hoton da ta miƙo mini wani direban tifa ne ya ɗauka a bakin wani rafi ta wajen Zungur. Hoton bai fita sosai ba, daga nesa aka ɗauke shi. Tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu, bayansa baƙi, cikinsa fari, yana tsaye shi kaɗai a ɗan ruwan da ya rage. Rabi ta ce mafi yawan mutanen zauren sun ce shamuwa ce, har wani ya rubuta cewa damina ta ƙaraso, manoma su fito da iri. Na ce ta nuna mini bakinsa. Ta sa yatsu biyu ta ware hoton. Bakin ja ne jawur, ƙafafun ma ja tun daga sama har ƙasa. Na ajiye almakashin da ke hannuna. Na san tsuntsun nan. Sau ɗaya na taɓa ganinsa a rayuwata, shekara sittin da wani abu da suka wuce, kuma ƙarya na yi a kansa.

A zauren nan an san ni da taurin kai. Na faɗa musu cilakowa da ragon maza da alhudahuda da carki, na raba musu hasbiya da kurciya, amma duk hoton da bai nuna baki da ƙafa ba, ba na sa masa suna, ko da kowa ya rantse. Suna zaton ilimi ne ya sa nake haka. Ni ban wuce firamare ba, kuma ɗan abin da na sani game da tsuntsu ba nawa ba ne, na yayata ne, Adda Dije. Dalilin taurin kan nan kuwa shi ne abin da zan faɗa yanzu.

A Zungur aka haife mu. Kakanninmu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, a lokacin da na yi wayo shanunmu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, sai 'yan awaki. Gidanmu na jar ƙasa ne da dangar kara, da rumbu biyu a tsakar gida, da wata tsohuwar tsamiya a ƙofar gida wadda inuwarta ita ce zauren unguwa. Babanmu ya bi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, sai ya yi watanni bai leƙo ba, saboda haka gidan ya rage daga Inna sai ni sai Adda Dije, wadda ta ba ni shekara uku, sai kakanmu na wajen uba, Kaka Buba. Da asuba Inna ta tatsi saniya, Adda ta share tsakar gida ta ɗora ruwan zafi, ni in kwashe kashin shanu in kai bayan gida inda muke tara taki. Daga nan Adda ta kora awaki da maruƙa zuwa rafi, ni in rataya 'yar jakar buhu in nufi makaranta. Ita ba a sa ta makaranta ba. Ba a yi wata shawara a kai ba, haka kawai aka ga ya dace, ita ma ban taɓa jin ta tambaya ba.

Kaka Buba yanar ido ta rufe masa idanu tun ban isa tunawa ba. Yana bambance rana da inuwa, shi ke nan. Amma duk unguwar, in aka zo maganar ranar shuka, bakinsa ake kallo. Yakan ɗebi ƙasa ya murza ya shinshina, ya juya fuskarsa ya ji ta inda iska ke zuwa, ya saurari kukan kwaɗi. Duk waɗannan alamu ne a wajensa, amma wadda take yanke magana ita ce shamuwa. Yakan ce, "Ruwan da ya riga shamuwa baƙo ne, kada ka ba shi irinka." In ta sauka a kan tsamiyarmu ta fara ɗibar kirare, to ruwan da ya biyo baya na shuka ne. Yana da wani irin gero da ya gada daga mahaifinsa, mai doguwar zangarniya da gashi-gashi a jiki wanda tsuntsaye ba sa son sauka a kai. Babu mai irinsa a unguwarmu. Da kaka shi da kansa yake zama a gindin dami yana shafa zangarniya ɗaya-ɗaya da yatsu, wadda ta cika ya ware, wadda ta yi rama ya jefa gefe. Waɗanda ya ware a ɗaure su a rataye a saman ɗakin girkin Inna, hayaƙi na bugunsu har shekara ta zagayo. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa su. A gidanmu ka fasa ƙwaryar nono a yi maka faɗa a manta, amma hannunka bai isa ya kai ga iri ba.

Da yake Kaka ba ya gani, mu ne idanunsa. Akwai wata al'ada da ya kafa a gidan: duk yaron da ya fara kawo masa labarin shamuwa, ranar shuka shi zai sa malfar Kaka a kansa, shi zai jefa ƙwayar farko a ramin farko, kuma Inna za ta dama masa fura da kindirmo ƙwarya guda shi kaɗai, a lokacin da nono ya yi wuya saboda rani. Shekara biyu a jere Adda ce ta ci. Ba mamaki, yini take a daji, kuma Allah ya ba ta ido. Ita ta koya mini cewa balbela da zalɓe ba 'yan gida ɗaya ba ne don kawai duka suna son ruwa, ita ta nuna mini yadda fakara ke lafewa a ciyawa, da yadda ake gane shirwa daga wutsiyarta tun tana can sama. In na yi saurin faɗin suna sai ta dungure mini kai ta ce, "Kada ka kalli tsuntsu gaba ɗaya, Sale. Kalli bakinsa, kalli ƙafarsa, ka ga da wa yake tafiya." Shamuwa kuwa tun ina ƙarami ta sa na haddace ta: fuska shuɗi-shuɗi, baki ruwan toka, ƙafa ruwan toka sai gwiwa da yatsu kawai ke ja, in ta tashi za ka ga fari a gadon bayanta kusa da wutsiya. Ba ta tafiya ita kaɗai, ba ta kuma gudun mutane, a kan bishiyar gida take gininta.

Shekarar da nake aji uku na sa wa raina sai na ci. Makarantarmu ajujuwa ne uku na ƙasa da rufin kwano, ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataya a bishiyar maina. Muna zuwa da tsintsiya da ɗan itace na malam, mu share fili mu yi layi a duba farce, a lokacin tara kuma mu yi langa har gwiwoyinmu su kwailaye. A wajen langar nan ne abokaina suka sa ni gaba. Duk sun san al'adar gidanmu, don suna ganin Adda da malfa tana tafe gaban Kaka ranar shuka. Suka ce ɗan makaranta guda, mai karanta allon malam, mace mai bin awaki ta fi shi ido. Na rantse musu bana ni zan sa malfar. Tun daga ranar ko darasi ake yi idona na taga, har malam ya taɓa jefa ni da alli.

Ruwan farko na shekarar ya zo da wuri ƙwarai, wata Laraba da la'asar, kuma ya yi ƙarfi har ya kwantar da dangarmu ta gabas. Washegari ƙasa ta yi laushi, ƙamshinta ya cika gari, mutane suka taru a gindin tsamiya suna gardama. Wasu suka ce a shuka, wasu suka ce a dakata. Kaka ya murza ƙasa ya ce ta sha sosai, iskar ma ta juya, amma saman tsamiya shiru, don haka shi zai jira. Ranar Asabar babu makaranta, na bi Adda rafi da danƙona a wuya. Muna gangarawa na hango shi a wani gurbin ruwa tsakanin duwatsu, baƙi da fari, dogo, yana taku a hankali. Na bar Adda a kan dutse na rarrafa ta cikin ciyawa har na matsa kusa da shi, kusan da in na so zan iya harbinsa. Ya juyo da kansa. Bakin ja ne kamar barkono, ƙafafun ja duka, kuma ya fi duk shamuwar da na sani girma. Da ya ji motsina ya tashi, bayansa baƙi ƙirin har wutsiya, babu fari ko ɗigo. Ya yi arewa shi kaɗai. Na gani, babu abin da ban gani ba. Adda ta ɗaga murya daga kan dutse ta ce wannan ba shamuwa ba ce, baƙon tsuntsu ne mai wucewa. Na zuba da gudu sai gida.

Na tarar da Kaka a kan buzunsa yana jan carbi. Na durƙusa ina haki na ce shamuwa ta zo, na gan ta a rafi. Bai yi murna nan take ba, sai da ya bi ni da tambaya. Cikinta fari? Na ce fari. Bayanta baƙi? Na ce baƙi. Sannan ya ce, bakinta fa, wane launi ne? Na ce ruwan toka. Ya ce da ta tashi na ga farin baya? Na ce na gani. Ana cikin haka Adda ta shigo, ta baro awaki a hannun wata ƙawarta, ta ce wa Kaka bakin tsuntsun ja ne, shi kaɗai yake, kuma gudun mutane yake yi. Na fashe da kuka na ce baƙin ciki take yi don bana ba ita za ta sha fura ba, kuma ai ita tana can nesa a kan dutse, ni ne na je kusa. Inna ta ce wa Adda ta ji kunya, babba da ita tana ƙyashin ƙaninta. Daga baya Kaka ya ce, "Idon da ke karanta takarda ba zai kasa karanta tsuntsu ba." Maƙwabcinmu Malam Garba, wanda gonarsa ke jikin tamu, ya zo da yamma ya tambaya, in shamuwa ce me ya hana ta hawa tsamiya? Ni na amsa, na ce ta gaji ne da tafiya, tana hutawa a bakin ruwa kafin 'yan'uwanta su iso. Malam Garba ya ce shi dai zai ƙara kwana biyu. Kwana biyun nan nasa suka zama mako huɗu, su suka cece shi.

Da aka sake ɗan yayyafi ranar Lahadi, Litinin muka fita shuka. Na sha furata, na sa malfar da ta rufe mini har hanci, na bi ta gaban makaranta da gangan don a gan ni. Kaka ya san gonarsa da tafin ƙafa. Ina tafe a gaba yana bin sautin takuna, yana sara da sungumi hagu da dama, Inna da Adda na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Na jefa ƙwayar farko, Kaka ya yi bismilla ya yi addu'a. Da yake ya yarda da alamarsa, kuma irin shekarar bai yi yawa ba, bai rage komai ba, duka aka sussuka aka fito da shi. Abin da ba wanda ya lura da shi sai ni, da nake waiwaye, shi ne hannun Adda. Inda ya kamata ta zuba abin da yatsu uku suka ɗebo, sai ta zuba rabi, sauran ta tura a wani ƙyalle da ta soke a ƙugunta. Rami bayan rami haka ta yi har rana ta yi tsaka. Mun haɗa ido sau ɗaya. Ita ba ta tona ni ba, ni ma ban tona ta ba, amma ba don kirki na yi shiru ba.

Kwana biyar gona ta yi kore shar, mutane suna wucewa suna cewa Buba bai taɓa kuskure ba. A ranar ne Inna ta ɗaga tabarmar Adda za ta shanya, ta ga ƙullin. Ta kwance ta ga irin Kaka ne. Ta ɗauka Adda ta sata ne don ta soya ta ci da ƙawayenta a daji, ko ta ba mai tallan alewa. Ta karyo tsumagiya a jikin tsamiya ta yi mata dukan da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba, a tsakar gida, mata na leƙe ta kan danga. Adda ba ta gudu ba, abin da kawai take maimaitawa shi ne ajiyewa ta yi. Ina tsaye a jikin rumbu, kalma ɗaya daga bakina ta isa ta sauke hannun Inna, ban faɗe ta ba. Kafin magariba yaran unguwa sun sa mata suna Ɓeran Rumbu, suna bin ta da shi har rafi. Ina cikin masu bin. Kaka kuwa ya ce a miƙo masa ƙullin, ya auna shi a tafin hannu, ya ce a mayar saman ɗakin girki a rataye.

Daga nan sama ta ɗauke. Kwana goma, kwana goma sha biyar, ashirin, ko gajimare babu. Tsiron ya fara naɗewa da rana yana warwarewa da safe, daga baya ya daina warwarewa. Kullum da hantsi Kaka zai ce in ja shi gona, ya tsuguna ya shafa layi, ganyen na karyewa a yatsunsa kamar busasshiyar ciyawar jinka. Wata safiya muna gindin tsamiya sai muka ji fuka-fukai a sama, ga su nan sun fi ashirin, suna zagaye suna sauka a rassa, suna kaɗa baki, fararen bayansu na walƙiya. Yara suka fito suna tsalle suna yi musu waƙa, mata suka yi guɗa. Kaka ya ɗaga fuskarsa sama yana saurare. Sannan ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji, ya ce, "Sale, wadda ka gani a rafi, tana cikinsu?" Na ce, "Tana ciki, Kaka." Ya saki hannuna. Bayan kwana biyu ruwan gaskiya ya sauka, Malam Garba da sauran unguwa suka fita shuka, mu kuwa gonarmu ta riga ta mutu.

Akuyar Adda, wadda kakarmu ta wajen uwa ta ba ta, ita aka kai kasuwa aka samo irin da aka sake shuka gonar, gero gama-gari wanda tsuntsaye suka yi wa ɓarna da kaka. Shekarar mun ci tafasa da rama fiye da tuwo kafin sabon hatsi ya fito. Ƙullin nan kuwa Kaka ya sa aka shuka shi a bayan gida inda muke tara taki, ya fito ya yi zangarniya kamar hannun mutum, ba a ci ko ɗaya ba, duka aka rataye. Da shi irin kakanninmu ya rayu. Amma labarin da ya zauna a dangi shi ne, kwaɗayin Dije ya sa ta saci iri, Allah da ikonsa ya mai da satar alheri. Ba wanda ya ce ta yi gaskiya a kan tsuntsun, don ni na tsaya a kan cewa shamuwa na gani, ta dai yi gaba da 'yan'uwanta ne. Kaka bai ƙara faɗin ranar shuka ba. In an tambaye shi sai ya ce a tambayi Garba. Malfar ma ban ƙara ganin ta a kan kowa ba. Damina biyu bayan haka ya rasu, ni kuma na zauna da tunanin ya tafi yana zaton alamar da ya gada ce ta yaudare shi.

Da na gama firamare aka kawo ni cikin Bauchi koyon ɗinki, na zauna ke nan. Adda ta yi aure ta hayayyafa, yanzu tana unguwar Ɗan Iya a gidan babban ɗanta. Sunan bai bar ta ba. Jikokinta Kaka Ɓera suke kiran ta cikin wasan jika da kaka, in ta ɓoye goro ko ɗan tsire a ƙarƙashin filo sai a ce halin bai tafi ba. Duk Sallah in dangi sun taru sai an ba da labarin ƙullin an yi dariya, ita ma ta yi murmushi, ni ma in yi dariyar. Lokacin da zan tafi aikin Hajji na je na durƙusa na ce ta yafe mini duk abin da na taɓa yi mata, ta ce ta yafe duniya da lahira. Amma ban kira abin da sunansa ba, na dunƙule shi cikin "duk", kuma na san dabara na yi.

Ranar Asabar ɗin nan, Rabi ta duba littafinsu ta ce akwai shi, ɗan'uwan shamuwa ne da ke zuwa daga can ƙasashen arewa masu sanyi, yana wucewa ta nan a ƙarshen rani a kan hanyarsa ta komawa, ba shi da wata alaƙa da daminarmu. Na ce ta rufe littafin ta tare mana keke. Na ja ƙofar shago da ɗinkin mutane a kan tebur. Mun tarar da Adda a kan tabarma a baranda tana ɓarar gyaɗa, ɗanta da matarsa da jikoki duk suna gida. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, tela ya rufe shago da rana tsaka, ko allura ce ta ƙare a Bauchi? Na gaishe ta, na ce Rabi ta ba ta wayar. Ta kai ta kusa da fuska, ta nisanta, ta ce a ware mata bakin, daidai yadda na ce. Ta jima tana kallo, sannan ta ce, ashe yana nan bai daina wucewa ba.

Na ce a kashe talabijin, kowa ya matso. Na ba su labarin tun daga rafi, ban rage komai ba, har tambayar Kaka a gindin tsamiya. Na ce ba sata ta yi ba, ta san ruwan ba na shuka ba ne, ta faɗa ba a yarda ba, sai ta ceci abin da hannunta zai iya. Sannan na juya gare ta na ce, "Adda, na ga bakin. Tun ranar na ga ja ne." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ta ce, "Na san ka gani mana, Sale. Ai kai ka fi ni kusa da shi." Ɗanta, wanda shi ya fi kowa iya ba da labarin Ɓeran Rumbu, ya sunkuyar da kai ya kasa kallon ta. Na ce abin da ya fi ci mini rai Kaka ne, da ya rasu bai sani ba. Sai ta ajiye ƙwaryar. Ta ce ranar da aka shuka ƙullin a bayan gida ina makaranta, Kaka ya kira ta ita kaɗai, ya ɗora mata malfar, ya ce ta jefa ƙwayar farko. Tun da ya auna ƙullin a hannu ya gane, don mai kwaɗayi ba ya tara iri ya bar shi ɗanye. Ta ce ta roƙe shi ya faɗa wa Inna da mutanen unguwa. "Sai ya ce mu jira ka faɗa da bakinka, kada ka tashi da sunan maƙaryaci. To, ka ga, mun jira."

Matar ɗanta ta kawo mini ruwa na sha. Rabi ta tambaya wane suna za ta rubuta wa mutanen zaure. Na ce ni ban san masa sunan Hausa ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Ta rubuta dai cewa ba shamuwa ba ce, kada kowa ya fito da iri. In suna son bayani, ga mai shi nan zaune. Rabi ta kara mata wayar a baki, Adda ta gyara ɗankwali kamar ana ganinta, ta yi musu bayanin baki da gwiwa da farin baya da tafiya cikin garke, tiryan-tiryan yadda ta yi mini tun ina ƙarami. Tun daga ranar kashi biyu ake raba hotunan, masu wuyar ganewa Ɗan Iya ake kai su.

Na je Zungur da damina ta kama. An sare tsamiyar, shagon cajin waya ne a wurin, shamuwa biyu kawai na gani a kan wata kuka can bayan gari. Manoma yanzu rediyo suke saurare su ji yaushe ruwa zai zauna, irin Kaka kuma na tambaya gida-gida ba wanda ya san inda ya shiga. A da muna da tsuntsayen cike da bishiya, amma yarinya in ta faɗi abin da ta gani ba ta da shaidar da ta wuce bakinta. Yau tsuntsayen sun ragu, amma direban tifa zai tsaya a bakin rafi ya ɗauko hoton da za a ware da yatsu biyu kowa ya gani. Nakan ce da akwai irin wannan a lokacin, da tsumagiyar nan ba ta taɓa jikin Adda ba, sai kuma in tuna ai akwai shaida a wurin, yana tsaye a jikin rumbu. Ita kallo ɗaya ta yi daga nesa ta faɗi gaskiya, ni da na je kusa sai da na tsufa.